Lasifikokin Auta

Auta ya sa wuƙa ya farke salatif ɗin kwalin, ya ɗaga murfin, ƙanshin sabon kaya ya cika falon. Mama tana kan kujerarta ta bakin taga, ta miƙo wuya tana leƙe, amma tun kafin ta ga abin da ke ciki bakinta ya kama aikin sa albarka.

"Allah ya yi maka albarka, Auta. Allah ya ba ka masu yi maka. Kai dai ba ka gajiya."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ya riga ya makara zuwa shago, amma ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Wai ba ka gajiya! Mutumin da ake gani sau ɗaya a shekara, ina ya ga abin gajiya? Shi da ke kai ta asibitin kunne, ya bi mata layin magani, ya hau tsani ya canza mata ƙwan fitila, bai taɓa jin an ce ba ya gajiya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko sunansa ma Auta ne ya cinye shi, don tun ranar da aka haifi yaron aka koma ce masa Yaya, har Mama, har marigayi Baba, yanzu ga shi har matarsa.

Lasifikoki ne guda biyu, baƙaƙe wul masu ƙyalli, kowanne ya kai gwiwar mutum, da wani akwati na uku mai nauyi da ake turawa ƙarƙashin tebur don ya ƙara wa sauti kauri. Auta ya jera su gefe da gefen tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar falon. Yaya ne ya haɗa kwamfutar nan da hannunsa daga ragowar kayan shagonsa, kuma aiki ɗaya tak take yi a gidan: kullum da la'asar Mama ta zauna a kunna mata muryar mijinta.

Baba tela ne. A ƙarshen rayuwarsa ya sayi rakoda, ta shiga ransa ba kaɗan ba. Yana ɗinki yana zuba hira, labarin tafiye-tafiyensa, da masu kawo ɗinki, da wautar da ya tafka yana saurayi, Yaya kuma yana ɗan yaro a tsaye riƙe da makirufo har hannunsa ya sage. Shekarun baya, da kaset ɗin suka fara cin kansu, Yaya ya kwashe su kaf ya zuba a kwamfuta kafin su ƙarasa mutuwa.

Auta ya zare 'yan lasifikokin da ke wurin, ƙanana farare da suka koma ruwan ƙasa, ɗaya ma da salatif aka ɗaure wayarsa. Ya ɗaga su da yatsu biyu.

"Waɗannan fa, Mama?"

"A ba yara su yi wasa da su," in ji ta, ko kallonsu ba ta yi ba.

Yaya ya bi su da kallo. Sau nawa ya buɗe cikin 'yan abubuwan nan ya liƙe su da dalma don kada la'asar ɗin Mama ta wuce shiru? Ya gyara zaman jakarsa.

Auta ya soka waya, ya kunna kwamfutar, ya danna fayil na farko, ya ja da baya yana murmushi kamar mai jiran tafi. Muryar Baba ta fito da ƙarfi har gilashin taga ya amsa. Amma wace irin murya! Sai ka ce an kifa masa bokiti a ka yana magana daga ciki. Ƙarar keken ɗinkin ta koma wani gurgur irin na ruwa a bakin kwalba, kuma ƙarƙashin komai wani zuuu yana ta bi, ba ya yankewa.

Mama ta yamutsa fuska ta dafe kunnenta mai ɗan sauran ji.

"Rage, rage! Ƙara kam akwai ta. To amma me yake cewa?"

Auta ya murɗa wannan, ya murɗa wancan. Ya ƙara kauri, abin ya koma kamar ana buga ganga a bayan gida. Ya rage, zuuu ɗin ya fito fili. Gumi ya fara tsatsafo masa a goshi, ya juyo.

"Yaya, ko za ka duba mana? Ko ni ne ban haɗa daidai ba?"

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Yaya, irin wanda mutum ba ya so a kama shi da shi. Ya ɗaure fuska tamau don kada murmushi ya tona masa asiri.

"Ni ina na san kayan manya? Mu gyaran tsofaffi muka iya. Na makara, sai na dawo."

Matarsa tana shanya a baranda, kuma duk abin da aka yi a kunnenta. Ta bari sai da ya zo wucewa, sannan ta yarfe rigar da ke hannunta har ruwan ya fallatsar masa.

"Kai fa ka san ciwon abin nan."

"Wa ya gaya miki?"

"Fuskarka. Tun jiya da yaron nan ya sauka kake cika kana batsewa. Hassada dai ga mai rabo taki ce."

"Ni nake hassada? Da wa? Da yaron da na yi wa wanka?"

"To, Allah ya ba da sa'ar kasuwa," ta ce, ta ci gaba da shanyarta.

Ya ja tsaki ya fita. A cikin bas, a matse tsakanin wata mai buhun kaya da wani mai barci, ya yarda a ransa cewa gaskiya ta faɗa. Ya san ciwon, kuma ciwon biyu ne. Lokacin da ya kwashe kaset ɗin, ma'ajiyar kwamfutar gida 'yar mitsitsiya ce, sai ya matse sautin iya matsewa don duka su shiga. Matse sauti kuwa ba ninke shi ake yi kamar tufafi ba, zubarwa ake yi. Na'ura ta duba duk abin da take ganin kunne ba zai yi kewarsa ba, numfashi, da 'yar ƙaramar magana da ta ɓuya bayan babbar ƙara, ta watsar. A ƙananan lasifikoki ba mai lura, don su da ma ba sa iya fitar da komai. Babbar lasifika kuwa ba ta rufa wa kowa asiri, abin da ka ba ta shi za ta kumbura ta miƙo maka, mai kyau da marar kyau. Shi kuma zuuu ɗin, daga ramin sauti na jikin kwamfutar yake, wanda ke kwasar hayaniyar fanka da wutar ciki yana haɗawa da muryar mutane.

Maganin duka biyun yana cikin durowarsa a shago. Akwai tsohon faifan ajiya mai ɗauke da asalin abin da ya kwaso daga kaset, ba a matse ko ɗigo ba. Akwai kuma katin sauti mai kyau da ya samo wurin wani mai ɗaukar murya da ya rufe sana'a, ya naɗe shi a leda ya adana.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne a layin masu kayan lantarki: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Ya buɗe, ya ajiye jaka, abin da ya fara yi shi ne ya durƙusa ya ɗaga ƙyallen da ya rufa a gefen tebur. Suna nan yadda ya bar su, akwatunan katako guda biyu, kafinta ya yanka masa, shi ya goge su da samfefa har suka yi santsi, ya shimfiɗa auduga a ciki, ya ɗaura lasifikokin da ya daɗe yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Fenti kawai ya rage, da ɗan yadin da zai rufe fuskarsu. Wata da watanni yana wannan aikin bayan an tashi kasuwa, ba wanda ya sani sai matarsa da maƙwabcinsa. A ransa ya sha ganin ranar: ya shigo da su a kafaɗa, ya sa kati, ya zuba asalin sautin, Mama ta ji mijinta tangaran, ta ɗago ta dube shi, shi, ta faɗi abin da take faɗa wa Auta.

Sai ga Auta da kwali daga kanti.

To ai ba a makara ba. Gobe da safe Auta zai hau mota ya koma inda ya fito. Kayansa sun ba da kunya, za a mayar da su kwali a tura ƙarƙashin gado. Mako mai zuwa shi kuma ya shigo da nasa. Ba sai ya yanke waya ko ya yi ƙarya ba, shiru kawai zai yi, shiru kuwa ba a kai mutum ƙara a kansa.

"Injiniya! Yau lafiya kake murmushi kai kaɗai?"

Mai Caja ne, maƙwabcinsa, wanda ke sayar da cajoji da rigunan waya, kuma bakinsa ba ya hutawa daga buɗe shago har rufewa. Ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"An ce ƙaninka ya sauka da kaya niƙi-niƙi. Mai tasin da ya kawo shi ya ce lasifikoki ne irin na gidan rawa."

"Haka ne."

"To naka fa? An riga ka ke nan?"

"Nasa ba sa magana, sai gurnani."

Mai Caja ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya zube masa a yatsu.

"Kai kuma likitan gurnani kana nan zaune! Allah ya shirye ka, Injiniya. Ni dai ba ruwana, amma ɗan'uwa rabin jiki ne."

"In rabin jiki ne, shi ne rabin da ake shafa wa mai," in ji Yaya, ya jawo wata kwamfuta ya hau kwancewa.

Aikin ranar bai yi albarka ba. Ya ɗaure murfi ya manta bai mayar da fanka ba, ya sake kwancewa. Wata mata ta zo karɓar na'urarta ya ba ta cajar wani. Duk inda ya juya idonsa sai ya faɗa kan durowar nan.

Rana ta take tsaka sai ga Auta, rigarsa ta jiƙe a baya, da leda cike da wayoyi a hannu. Ya gaisa da Mai Caja, ya shigo yana neman wurin zama. Kafin Yaya ya buɗe baki, ya ɗora mazaunansa daram a kan ɗaya daga cikin akwatunan da ke rufe da ƙyalle. Yaya ya ji abin har tsakar kansa, amma in ya ce tashi, sai an tambayi dalili.

"Na koma kantin," in ji Auta. "Suka ce waya ce ba ta da kyau. Na sayi wasu, na je na gwada, ba abin da ya canza. Wani kuma ya ce kwamfutar ce ta tsufa, a sayi sabuwa."

"Kowa da iliminsa."

"Mama ta ce in bari haka nan. Ta sa na karɓo ƙananan wurin yara na mayar mata. Wai ta saba da su."

Ga shi nan, abin da Yaya yake so ya samu tun ba a kai gobe ba. Ya sunkuyar da kai yana goge bakin sukundireba da ba abin da ya same shi, yana jiran daɗin ya gama ratsa shi.

Auta ya ajiye ledar a ƙasa, ya haɗa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Ya zuba wa tarin kwamfutocin ido.

"Wallahi Yaya ba don Mama kaɗai na saye su ba. Har da kaina."

"Kamar yaya?"

"Ku kun san shi. Kai ka tsaya a gabansa, ka riƙe masa makirufo, ka san yadda yake dariya. Ni ina rarrafe ya rasu. Duk abin da na sani na ubana shi ne wani mutum mai magana a cikin bokiti. Na ɗauka in na samo manyan lasifikoki zan ji shi kamar yadda kuka ji shi, ko sau ɗaya ne." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka san ina jin haushinka a kan wannan? Tun ina yaro."

Yaya ya ɗago ya dube shi. Haushinsa? Shi? Wannan kuma wane irin rainin hankali ne, mai ƙoshi yana kishin mai yunwa?

"Yaya, tsakaninka da Allah, a duk kaset ɗin nan ya taɓa ambatona?"

"Ban taɓa ji ba," in ji Yaya. Gaskiya ya faɗa. Lokacin da yake kwashe su, a nan shagon ne cikin hayaniyar kasuwa, yana sa kaset ya juya ga wani aiki, bai taɓa zama ya saurari asalin ba.

Auta ya gyaɗa kai kamar da ma amsar da yake tsammani ke nan. Ya miƙe, ya ɗauki ledarsa, ya bubbuga saman akwatin da tafin hannu.

"Bencin nan naka da daɗin zama. Bari in je tasha in kama kujerar gobe, sai mun haɗu a gida."

Yana fita Yaya ya yi jifa da sukundireban, ya daki bango ya faɗo cikin kwandon tarkace. Ba tausayi ne ya fara zuwar masa ba, haushi ne ya turnuƙe shi. Wato yaron nan ko a baƙin ciki ma sai ya fi shi! An ba shi albarka, an ba shi fara'ar Mama, yanzu kuma ya zo har shago ya ƙwace masa ɗan daɗin muguntar da yake lallaɓawa. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Mako mai zuwa Mama za ta ji, wannan ba shakka. Amma mako mai zuwa Auta yana can wata uwa duniya, sai kuma baɗi in da rai. Ya kalli akwatunan. Ko a yau ya kwashe su haka nan ba fenti? Ya kai katako tsirara ya jera kusa da baƙaƙen nan masu ƙyalli, kowa ya gane gasa ya zo yi da ƙaninsa? Ai dariyar matarsa kaɗai ta ishe shi.

Ya fizgo durowar da ƙarfi har ta kusa zarewa, ya ɗauki katin da tsohon faifan ya jefa a jaka, ya tsinto sukundirebansa daga kwando. Yana jawo ƙofar shagonsa, sai Mai Caja ya leƙo.

"Da rana tsaka? Akwatunan fa, ba za a tafi da su ba?"

"Waɗanne akwatuna? Benci ne. Ba ka ga an zauna a kai ba?"

Ya tarar da gidan tsit, yara suna makaranta, Mama ta shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa. Baƙaƙen lasifikokin suna jingine a bango kamar baƙin da ba a yi wa tayin wurin zama ba, 'yan ƙananansa kuma sun koma kan tebur. Ya zare wutar kwamfutar, ya kwantar da ita a ƙasa, ya kwance murfin. Da gangan ya saki murfin ya faɗi ƙwaram a kan siminti, ko Allah zai sa Mama ta farka ta fito ta ga wanda ke durƙushe a cikin ƙura. Ina! Kunnen da sai an yi kira uku kafin ya amsa. Matarsa ce ta leƙo daga kicin, ta dube shi, ta dubi katin da ke hannunsa, ta koma ta kawo masa ruwa a kofi ta ajiye.

"Kada ki ce komai," in ji shi.

"Ni na ce wani abu?"

Ya hure ƙurar ciki, ya taɓa ƙarfen jikin kwamfutar don kada wutar jikinsa ta lalata katin, ya saita shi a raminsa ya danna har ya ji ƙas, ya ɗaure. Ya jona tsohon faifan, ya kunna, ya zauna a ƙasa yana kallon fayilolin suna wucewa a hankali, manya-manya, kowanne ya ninka na da sau da yawa. Da suka gama ya rufe murfin. Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi ci masa rai: da hannunsa ya zare 'yan ƙananan lasifikokinsa, ya jawo na Auta ya jera su, ya soka wayarsu a sabon katin. Ya murɗa ƙara har ƙarshe ba tare da ya kunna komai ba, ya kara kunne. Shiru, ko ɗigon zuuu babu. Kayan banza, ashe da gaske masu kyau ne, sun ma fi nasa.

La'asar ta yi, Mama ta fito tana gyara mayafi, daidai lokacin da Auta ya yi sallama. Ta tsaya ta dubi teburin.

"Ba na ce a mayar min da nawa ba?"

Auta ya dubi lasifikokin, ya dubi ƙurar da ke gwiwar wandon Yaya.

"A sake gwadawa," in ji Yaya, ba tare da ya kalli kowa ba. Ya danna fayil ɗin da ya fara zuwa hannunsa.

Abin da ya fara fitowa ba magana ba ce. Ƙarar almakashi ce tana cin yadi, ƙyas, ƙyas, har kana jin inda ya kai bakin tebur. Kujera ta yi ƙara. Wani ya ja numfashi ta hanci, ya yi gyaran murya, sannan Baba ya ce, "To, ina muka tsaya?" a nan cikin falon, tsakanin taga da tebur, da 'yar shaƙewar nan tasa ta mai riƙe allura a gefen baki.

Mama ta lalubi hannun kujera ta zauna a hankali.

"Ga shi nan," ta ce. "Wallahi ga shi nan."

"Mama, ai Yaya ne ya..." Auta ya fara.

"Yi min shiru, ubanku na magana."

Baba yana ba da labarin wani mai ƙiba da ya rantse telan ne ya rage masa yadi. Keken ɗinki ya tashi, kana jin takun ƙafarsa a kan feda da ɗan kukan bel. Yaya ya san wurin nan sarai, nan ne kullum sautin ke komawa gurgur na ɗan lokaci kafin labarin ya ci gaba, har Mama takan ce a wuce mata shi. Yau babu gurgur. A bayan ƙarar keken, can nesa, jariri ne ke ƙananan kuka. Sai muryar Baba ta yi ƙasa, ya kau da baki daga makirufo.

"Yaya, ajiye abin nan, je ka ɗauko min autana. Ba ka ji yana nemana ba?"

Auta ya dafe bakinsa da hannu biyu.

Aka ji an dangwarar da makirufo a kan tebur. Sai wata 'yar siririyar murya, ta yaro mai cike da haushi, ta yi ƙunƙuni dab da shi:

"Kullum shi. Kullum shi."

Keken ya tsaya. Baba ya yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ke fita ta hanci.

"Na ji ka fa."

Mama ta fashe da dariya, ta yi ta yi har hawaye suka zubo, daga nan kuma ba a iya gane dariyar ce ko kuka. Daga ƙofar kicin matar Yaya ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Yaya ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Shekara da shekaru na'ura ta rufa masa asiri, yau da hannunsa ya saka kati ya tona.

A cikin lasifikokin, ƙananan sawu suka tafi suka dawo da nauyi, kukan ya matso kusa ya tsaya. "Yauwa, zo nan, ɗan autana," in ji Baba. "Zo ka gaya musu wa ya taɓa ka. Kai, kai, ba a cin makirufo!" Auta ya zame daga tsaye ya zauna a ƙasa dab da lasifikar, ya kifa goshinsa a gwiwa, bayansa yana jijjiga. Ba wanda ya hana shi.

Fayil ɗin ya ƙare. Mama ta goge idanunta da bakin mayafi, ta miƙa hannu ta dafa kan Auta.

"Allah ya yi maka albarka, Auta. Ka dawo min da shi har cikin falona. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ka masu yi maka."

Yaya yana durƙushe a gefen tebur, ya ba su baya, yana tattara sukundireba da 'yan ƙananan lasifikokinsa yana cusawa a jaka. Kalmomin nan biyu, "kullum shi", suka taso masa tun daga ciki har suka iso maƙogwaro. Ya danne su, ya haɗiye, ko leɓensa bai motsa ba.

Mama, wadda sai an yi mata kira uku kafin ta waiwayo, ba ta ko juyo ba.

"Na ji ka fa, Yaya," in ji ta. "Mayar min da wurin nan baya."